Neman shawara kan ƙungiyar sikawut ta makaranta: tsarin shekara, horon shugabanni da tara kuɗi

Sabon Jagora, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da duk wanda ya taɓa ɗaura ƙyallen sikawut a wuyansa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo ta maza a Zariya, kuma a ƙarshen zangon karatun da ya wuce ne shugaban makaranta ya ɗora mini ragamar ƙungiyar sikawut, bayan malamin da ya daɗe yana riƙe da ita ya yi ritaya. Na yi sikawut ina yaro, amma sanin da nake da shi na wanda aka jagoranta ne, ban taɓa zama a kujerar mai tsarawa ba, shi ya sa na zo neman shawara tun kafin a koma makaranta a watan Satumba.

Ga halin da na tarar da ƙungiyar. Sunaye 46 ne a rajista, amma waɗanda ke zuwa taron yammacin Alhamis a kai a kai ba su wuce 28 ba, shekarunsu daga 12 zuwa 17. Kayan da aka miƙa mini su ne tantuna biyu da ɓera ya ɓarnata, ganga ɗaya, tuta, igiyoyi kaɗan, da akwatin agajin gaggawa wanda babu komai a cikinsa sai almakashi da tsohon bandeji. Kuɗin da ke hannu Naira 14,000 ne. Abin da ya fi damuna shi ne, a 'yan shekarun nan aikin ƙungiyar ya taƙaita ga atisayen fareti don bikin 1 ga Oktoba da na ranar yara ta 27 ga Mayu, kuma da zarar an gama waɗannan sai yaran su watse. Manyan cikinsu guda biyar, waɗanda su ne ke ba da umarni a fili, duk sun shiga ajin ƙarshe, hankalinsu zai koma kan jarrabawar WAEC da NECO, kuma babu wanda aka shirya ya gaje su.

Tambayoyina uku ne, ko da yake a sarƙe suke. Ta yaya zan tsara ayyukan shekara guda yadda za su dace da zangunan karatu, da azumi, da yanayin hunturu da bazara da damina, musamman batun kwana a sansani, wanda iyaye da yawa ba sa son ko jin zancensa saboda halin tsaro? Ta yaya ake horas da yaro ɗan shekara 14 ya jagoranci tsaransa ba tare da ya koma mai tsawa da sa tsallen kwaɗo ba? Sannan ina za a samo kuɗi? Wani abokin aikina ya ba ni shawarar a buga katin neman taimako a raba wa yaran su zaga kasuwa da gidajen masu hali, sai kuma a shirya taron ƙaddamar da asusu a gayyato 'yan siyasar unguwa. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma ba ni da wata hanyar da zan nuna masa. Allah ya saka wa duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Tsohon Sikawut, Kano

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya taya ka riƙo. Na shafe sama da shekara talatin a wannan harka, kuma kusan duk sabon jagoran da na sani da irin tambayoyinka ya fara, sai dai ina ganin ka jera su ba bisa tsarin da za a warware su ba. Ta biyun ita ce ta farko. Idan ka samu shugabanni daga cikin yaran, su ne za su tsara shekarar tare da kai, kuma tsarin shekarar ne zai faɗa maka nawa kake buƙata.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai, a kansa aka gina sikawut tun asali. Lokacin da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi sansaninsa na gwaji a tsibirin Brownsea da ke Ingila a watan Agustan 1907, yara wajen ashirin ya ɗauka, kuma abin da ya fara yi shi ne raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da yaro guda a matsayin shugaba wanda ke da alhakin 'yan rukuninsa dare da rana. Da harkar ta iso Najeriya a 1915 da wannan tsarin ta zo. Abin da ya faru a makarantu da yawa daga baya shi ne, an riƙe fareti an saki rukuni, saboda fareti ne manya ke gani su tafa.

Saboda haka a makon farko na komawa, ka raba yaranka 28 ɗin nan masu zuwa zuwa rukuni huɗu na mutum bakwai-bakwai. Kada ka damu da sauran 18 na rajista tukuna, idan suka ga ana abin sha'awa za su dawo da ƙafarsu. Ka bar abokai su zauna tare, ka haɗa manya da ƙanana a kowane rukuni, kuma ka bar kowane rukuni ya zaɓi shugabansa daga 'yan aji huɗu ko biyar, shi kuma shugaban ya zaɓi mataimakinsa. Za su iya zaɓen wanda kai ba shi za ka zaɓa ba. Ka haƙura ka ba shi zango guda, domin yara sun san wanda ke raba musu abinci daidai da wanda ke zaluntarsu fiye da yadda malami zai sani. Manyan nan biyar kuma kada ka sallame su haka kawai, ransu zai ɓaci kuma za su ɓata maka ƙananan. Ka tara su ka gaya musu cewa aikinsu na ƙarshe a ƙungiyar shi ne koyar da magadansu har zuwa Disamba, sannan a yi musu bikin ban-kwana a gaban kowa.

Game da horon, ni ban yarda da a tara yara kwana uku ana yi musu lacca kan shugabanci ba. Abin da na ga yana aiki shi ne zama na rabin awa da shugabannin rukuni da mataimakansu, su takwas, kwana ɗaya ko biyu kafin taron Alhamis. A wannan zama kai za ka zama shugaban rukuninsu, ka koya musu abu ɗaya tak, misali ƙullin igiya iri biyu, ko yadda ake tsayar da jini, ko yadda ake gane gabas da yamma da inuwar sanda. Ranar Alhamis kowa ya je ya koya wa mutanensa, kai kuma ka tsaya nesa kana kallo. Idan yaro ya yi kuskure a gaban rukuninsa kada ka gyara masa a nan, ka bari sai kun keɓe. Yaron da ya san wani abu da tsaransa ba su sani ba, kuma aka ba shi damar koyarwa, ba ya buƙatar tsawa kafin a saurare shi. Ka kuma kafa doka tun ranar farko cewa shugaban rukuni ba shi da ikon duka ko sa gwale-gwale, duk laifi a kawo shi gaban majalisar shugabannin rukuni, wadda za ta zauna sau ɗaya a wata da magatakarda daga cikinsu yana rubuta abin da aka yanke.

A wannan majalisar ce za ku shimfiɗa kalandar shekara. Ka zo da babbar takarda ka fara cike ranakun da ba naku ba, wato jarrabawa, hutu, azumi da salloli biyu, sannan ku duba abin da ya rage. Shawarata ita ce babban aiki ɗaya a kowane zango, sauran makonni su zama shiri dominsa. A zangon farko, bayan faretin Oktoba, akwai taron da 'yan sikawut na duniya ke yi ta rediyo da intanet a ƙarshen mako na uku na Oktoba, wanda ake kira JOTA-JOTI. Waya ɗaya mai data ta isa yaranka su gaisa da 'yan'uwansu na Kenya ko Indunisiya, kuma za ka yi mamakin yadda wannan ke ɗaga musu kai. Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba shi ne lokacin da ya fi dacewa da sansani, ruwa ya ɗauke, sauro ya ragu, sanyi bai tsananta ba. A zango na biyu akwai 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell, wadda ta dace da ɗaukar alƙawarin sababbin shiga. Daga Maris zuwa Mayu ka guji doguwar tafiya a ƙasa da cunkusa yara a ɗaki ɗaya, lokacin zafi ne da sanƙarau. Abin da ya faru a babban taron sikawut na duniya a Koriya ta Kudu a 2023, inda zafi ya kwantar da ɗaruruwan yara kafin guguwa ta sa a kwashe kowa daga filin, ya isa ya nuna cewa rana ba ta san yawan shirinka ba. Zango na uku kuma na damina ne, na dashen itace da yashe magudanan ruwa.

Kai ma kanka kana buƙatar horo. Ka nemi kwamishinan sikawut na ƙaramar hukumarku ko na jiha, ka tabbatar ƙungiyarku tana da rajista da Ƙungiyar Sikawut ta Najeriya, ka tambayi lokacin kwas na share fage na jagorori. Daga nan ake hawa har zuwa horon Wood Badge, wanda aka fara yi a Gilwell Park kusa da Landan a 1919, kuma har yau shi ne babbar shaidar ƙwarewar jagora a ko'ina. Batun kuɗi na bar wa waɗanda suka fi ni iya lissafi, amma katin nan na zaga kasuwa ka ajiye shi.

Maman Sikawut, Kaduna

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni uwa ce, 'ya'yana biyu sun yi sikawut, kuma na riƙe ma'ajin kwamitin iyaye na ƙungiyarsu shekara huɗu, don haka zan yi magana ta ɓangaren da Baba na Kano ya bari, da kuma batun sansani, wanda nake ganin ya wuce da sauri.

Ka ce iyaye ba sa son jin zancen sansani. Suna da gaskiya, kuma ina roƙon ka kada ka ɗauke su a matsayin cikas. Duk uwar da ta ji labarin ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran Kuriga a nan jiharmu a Maris na 2024, ba za ta sa hannu a takardar da ke cewa ɗanta zai kwana a daji ba, ko da wane ne jagoran. Abin da muka yi shi ne muka daina kiran daji gaba ɗaya. Sansaninmu na farko a cikin harabar wata makaranta mai katanga da maigadi muka yi shi, a tsakiyar gari, daga yammacin Juma'a zuwa hantsin Lahadi. An sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce, iyaye maza uku suka kwana tare da malamai, aka kuma ba kowane gida lambar wayar jagora da sunan asibitin da ya fi kusa. Yaran sun kafa tanti, sun dafa abincinsu da itace, sun yi gadi bi da bi, sun yi sallolinsu cikin jam'i, waɗanda ke zuwa coci kuma iyayensu suka ɗauke su da safiyar Lahadi. Babu abin da suka rasa na sansani sai kukan kura. A shekara ta biyu iyayen da suka hana 'ya'yansu a farko su ne suka riga kowa biya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake so ka rubuta ka karanta wa iyaye da bakinka: babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, ko a tanti ko a ofis, kuma manya ba sa kwana a tantin yara. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce kuma gare ka. Haka nan takardar izini ta tambayi ko yaro yana da asma, ko sikila, ko farfaɗiya, domin akwai iyayen da ba za su faɗa ba sai an tambaye su a rubuce.

Yanzu kuɗi. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne na yarda kuɗin ƙungiya ya zauna a asusuna na banki don sauƙi. Ban ci ko kwabo ba, amma da aka zo lissafin ƙarshen shekara sai na kasa rarrabe wasu kuɗaɗen shiga, kuma maganar da ta biyo baya ta daɗe tana yi mini ciwo. Kada ka riƙe kuɗi da kanka, Malam. A kafa kwamitin iyaye na mutum biyar, a buɗe asusu da sunan ƙungiya ko a ƙarƙashin na makaranta, sai da sa hannun mutum biyu za a fitar da kuɗi, a sayi littafin rasit, kuma a ƙarshen kowane zango a manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa inda yaran kansu za su karanta. Mutanenmu ba marowata ba ne, abin da ke hana su bayarwa shi ne sun sha bayarwa ba su ga inda abin ya shiga ba.

Sannan a sa kuɗin mako, kaɗan ƙwarai, wanda yaro zai iya cirewa daga kuɗin tararsa. Idan yara 28 suka ba da Naira 100 kowane mako na tsawon mako 12, ka ga Naira 33,600 ke nan a zango ɗaya, fiye da ninkin abin da ka gada. Mataimakin shugaban rukuni ne zai karɓa ya rubuta, wannan ma horo ne. Amma ka sani akwai marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi da ko wannan zai gagare su, kuma su ne suka fi buƙatar ƙungiyar. Kwamiti ya biya musu a asirce, kuma kada a taɓa karanta sunayen masu bashi a fili. Game da yunifom, mun fara da ƙyallen wuya kawai a kan kayan makaranta, tela ɗaya ya ɗinka duka daga yadi iri ɗaya, sannan muka roƙi duk mai fita ya bar wa ƙungiya rigarsa. Tsadar kaki ta kori yara da yawa daga sikawut ba tare da kowa ya lura ba.

Kati kuwa, ina bayan Baba. Garuruwanmu cike suke da yara masu yawo da kwano, muna ta neman yadda za a raba su da titi, bai kamata mu ɗauki waɗanda ke aji mu sa musu yunifom mu tura su yin abin da ya yi kama da haka ba.

Malamin Gona, Funtuwa

Ina tare da Hajiya a kan kati, kuma dama tsohuwar al'adar sikawut ita ce yaro ya yi aiki a biya shi. A Ingila a da, tun daga 1949, sun riƙa ware mako guda a shekara inda 'yan sikawut ke bin gidaje suna share fili ko wanke mota a ba su sule ɗaya, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Bin gidajen da ba a sani ba bai dace da zamaninmu ba, amma tushen abin yana nan.

Abin da ya riƙe tamu ƙungiyar shi ne renon itatuwa. Ba ya cin jari: ledojin ruwan sha da yara ke zubarwa a harabar makaranta su ne tukwanen, a yanke bakinsu a huda ƙasansu, a cika da ƙasa da yashi da taki ruɓaɓɓe. Irin zogale da darbejiya da mangwaro da gwanda duk ana samunsu a gida. Idan aka shuka a Maris ko Afrilu a ƙarƙashin rumfar zana, rukuni-rukuni suna ban ruwa safe da yamma bisa jadawali, zuwa lokacin da damina ta kankama a Yuli sun isa dashe. Malamai da iyaye su ne masu saye na farko, sai masu sababbin gidaje da masallatai. Sharaɗin kawai shi ne a samu ruwa a kusa da kuma shinge saboda awaki, sannan a tsara wanda zai yi ban ruwa a hutun Afrilu, don a wannan hutun ne muka yi asarar kusan rabin shukarmu ta farko. Ka lura wannan aikin ya haɗa tambayoyinka uku wuri guda, domin shiri ne na zango biyu, shugaban rukuni yana koyon raba aiki da bin sawu, kuma ga kuɗi a ƙarshe. Ranar wasannin makaranta da ranar taron iyaye da malamai kuma yaran na iya sayar da zoɓo da kunun aya, su kuma wanke motoci da baburan baƙi a bakin ƙofa.

Inda na ɗan saɓa da masu magana kafin ni shi ne taron neman gudummawa. Ban ga laifinsa ba idan an yi shi a kan lokaci kuma da mutanen da suka dace. Zogale ba zai saya maka tantuna huɗu a shekara ɗaya ba. Makaranta irin taku a Zariya ba za ta rasa tsofaffin ɗalibai da suka yi sikawut ba, wasunsu yanzu likitoci ne, wasu sojoji, wasu 'yan kasuwa, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Bayan kun yi sansaninku na farko, ka gayyace su su ga yaran suna aiki, ka miƙa musu jerin kayan da ake buƙata da farashin kowanne, ka ce wanda ya ga dama ya sayo kayan da kansa. Mutum ya fi sakin jiki ya kawo tukunya ko tanti da zai gani da idonsa. 'Yan siyasa ne nake ba ka shawarar ka bari, saboda sikawut ba ta da jam'iyya, kuma alƙawarin da ake yi a lasifika ba kasafai yake isowa asusu ba, ga shi ranar kamfe za a turo a ce a kawo yaran su yi jeren gwano.

Wani abu da ba ya buƙatar kuɗi: jami'an kwana-kwana, da na kiyaye haɗurra, da ma'aikatan Red Cross, sukan zo su koyar kyauta idan makaranta ta rubuta musu wasiƙa da wuri. A nan yaranmu suka koyi kashe wutar girki da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ɗalibin Jami'a, Samaru

Ina neman afuwar iyayena da na sa baki, amma shekara huɗu da suka wuce ni ne yaron da ake magana a kansa, domin ina aji huɗu aka zaɓe ni shugaban rukuni. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne jagorantar waɗanda suka girme ni da kuma abokaina na kusa, waɗanda ke ganin ba zan iya rubuta sunansu a makara ba. Abin da ya taimake ni shi ne jagoranmu bai taɓa karɓar ƙara kai tsaye daga ɗan rukunina ba, kullum sai ya tambaye shi ko ya fara gaya mini. Cikin wata biyu kowa ya gane cewa muƙamin na gaske ne.

Ina kuma roƙon Malam ya bar majalisar yaran ta zaɓi wasu ayyukan da kanta, ko da a ganinsa wasa ne. Mu mun zaɓi gasar girki tsakanin rukunoni da tattaki zuwa dutsen Kufena, kuma waɗannan ne suka dawo da waɗanda suka daina zuwa. Idan ana buƙatar mai taimakawa ranar Alhamis, mu tsofaffin 'yan sikawut da ke karatu a nan muna da yawa, kuma za mu zo idan shugaban makaranta ya amince.

Sabon Jagora, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na kai wa shugaban makaranta abin da kuka rubuta, mun zauna da shi jiya, kuma ga inda muka tsaya. Za a raba rukunoni a Alhamis ta farko, a yi zaɓe a ta biyu. Zan riƙa zama da shugabannin rukuni ranar Talata bayan tashi. Ya amince a gabatar da batun kwamitin iyaye da asusu a taron iyaye da malamai na farkon zango, ya kuma ce kuɗin mako ba zai fara ba sai iyaye sun amince da shi a wannan taron, wanda na ga daidai ne. An ajiye batun kati, kuma abokin aikina da ya kawo shawarar shi ne ya karɓi nauyin nemo tsofaffin ɗalibai, domin ya fi ni sanin su.

Matsala ɗaya ta taso game da sansani. Katangar makarantarmu ta faɗi ta gefen gabas tun daminar bara, don haka shugaban ya ce ba zai sa hannu a kwana a harabarmu ba, kuma ban yi masa musu ba. Zai tuntuɓi wata makarantar kwana da ke cikin gari ko za su ba mu filinsu a makon farko na hutun Disamba, idan ɗalibansu sun tafi. Idan hakan bai yiwu ba, za mu yi sansanin yini biyu a jere, a zo da asuba a koma gida kafin magariba, mu ɗage kwana zuwa baɗi.

Malam na Funtuwa, rijiyar burtsatsenmu tana aiki amma tana da nisa da inda ke da inuwa, kusan tafiyar minti biyar da bokiti. Ina so in san ko tukwane nawa kuka fara da su a shekarar farko, da kuma yawan ruwan da suke sha a rana a watan Afrilu, don in ga ko yara bakwai za su iya ɗaukar nauyin ban ruwan mako guda ba tare da sun makara aji ba. Ƙanena na Samaru kuma, shugaban ya ce ku zo da katin shaidar jami'a da wasiƙa daga kwamishinan sikawut na yanki, sai a gabatar da ku ga iyaye a taron.